Wa Ya San Ranar Tafiya

A Gusau yanzu mutum ba ya faɗin ranar tafiyarsa. Da can, ko Funtuwa za ka sai ka bi maƙwabta gida-gida kana sallama, ana yi maka Allah ya kiyaye hanya, ana ɗora maka saƙon gaisuwa da ƙullin daddawa. Yanzu kuwa sai dai a ga ƙofa a rufe, a tambaya, a ce maigida ya ɗan fita. Ba rowa ba ce, ba kuma girman kai ba. Hanyar Tsafe ce ta koya wa mutane haka, domin masu tare ta ba duba suke yi ba, gaya musu ake yi.

Alhaji Zakari mai shagon hatsi, mazaunin Damba, ya fi kowa riƙo da wannan ɗabi'a, har ta zama masa abin tinƙaho. Mutum ne mai zurfin ciki wanda in ka tambaye shi ina za shi sai ya ce maka nan kusa, ko da kuwa Legas ya nufa. Da Allah ya hore masa zuwa Umara shi da matarsa Zulai, sai ya ƙudurta cewa ba mai jin labari sai sun sauka Madina. Bai je wurin masu yankan tikiti ba, don a ganinsa shagonsu majalisar surutu ce. Wata manhajar tafiye-tafiye ya sauke a wayarsa, ya zauna bayan buhunan masara, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya riƙa dannawa da yatsa guda kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake.

Manhaja ta nemi sunansa, ya ba ta. Ta nemi na matarsa, da lambobin wayarsu, da hoton fasfo, da ranar tashi, da otal ɗin da za su kwana a Kano kafin su hau jirgi, duk ya ba ta ba gardama. Mutumin da ba ya gaya wa ƙaninsa masallacin da zai yi Juma'a, ya kwashe cikinsa kaf ya zuba wa waya, ya kuma koma gida yana yabon kansa.

"Zulai, na gama komi," in ji shi, "kuma ba ɗan Adam ɗin da ya gani."

Mutum guda ne kawai bai iya ɓoye wa ba, shi ne Dogo. Dogo Bafulatani ne, rugarsa tana can bayan Bungudu, kuma shi ke riƙe da shanun Zakari. Uban Dogo ne ya yi kiwon shanun uban Zakari, su kuma suka gaji abin kamar yadda ake gadon gona. Tare suka tashi. In saniya ta haihu Dogo ya aiko da albishir, in ta mutu ya ɗauko fatarta ya kawo har kasuwa, Zakari kuma kullum sai ya yi masa faɗa ya ce wa ya nemi shaida. Da ƙasa ta rikice, mutanen gari da dama suka karɓe dabbobinsu daga hannun Fulani, Zakari ya bar nasa. Wasu daga dangin Dogo suka shige daji, shi ya ƙi, ya matso kusa da gari ya zauna. Na daji suna ce masa bawan Haɓe, wato Hausawa, na gari suna binsa da kallo ta wutsiyar ido, shi kuwa yana kiwonsa.

Ranar da Dogo ya shigo Gusau sayen kanwa, Zakari ya ja shi can ƙuryar shago ya rage murya.

"Bijiman nan biyu nika so ka koro mini kara ranar Talata da sahe. Guzuri za ni yi da su."

"Guzuri? Lahiya dai, Alhaji?"

"Lahiya lau. Umara za mu ni da iyali, Alhamis mu ka tashi. Ban hwaɗa ma kowa ba, ko Salisu bai sani ba. Amma ba ni iya zuwa ɗakin Allah ban nemi gahwararka ba. In na taɓa yi maka wani abu, ka yahe mini."

Dogo ya yi dariya har haƙoransa na goro suka bayyana. "Kai mi ka taɓa yi mini? In ma akwai, na yahe duniya da lahira. Ka dai roƙa muna Allah ya kashe wagga wuta."

Ranar Litinin bayan azahar wayar Zakari ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Mai maganar yana jan Hausarsa irin ta Fulani. In da a ce cikin kwanciyar hankali ne, da Zakari ya ji cewa ja ɗin ya yi yawa, irin na 'yan wasan kwaikwayo ne. Amma mai jin tsoro ba ya tantance murya.

"Alhaji Zakari, Alhamis ka ka biyowa ta Tsafe, kai da Hajiya Zulaihatu. Mun san masaukinku Kano, mun san jirginku." Ya faɗi sunan otal ɗin daidai, ya faɗi ranar tashin jirgi. "In kana son ka wuce lahiya, ka aiko muna kuɗin hanya. In ba ka so, to, Umararka nan cikin daji za ka yi ta."

Zakari ya zauna a kan buhu yana kallon wayar, mai sayen dawa yana ta yi masa magana bai ji ba. Bai gama dawowa hayyacinsa ba sai ga Zulai ta kira tana kuka, ita ma an kira ta a lambarta, an gaya mata abu guda.

Sai ya shiga lissafin da kowane mutumin ƙasar nan zai yi, wato lissafin bakuna. Shi bai faɗa ba. Zulai ko ƙanwarta ba ta gaya wa ba, ya san ta. Saura wa? Ya juya abin ta ko'ina, yana neman wani bakin da zai ɗora wa, bai samu ba. Ko sau ɗaya bai kalli abin da ke hannunsa ba. A saninsa asiri daga baki yake fita ya shiga kunne, waya kuwa kaya ce kamar sikeli. Ya ji kunyar tunanin da ya zo masa, ya kore shi, ya dawo. Dogo ba zai yi ba. To amma in an sa masa bindiga a ka fa? In wani ɗan'uwansa na daji ya matsa masa fa? Kafin la'asar tunanin ya samu wurin zama.

Ya rufe shago ya kama hanyar Bungudu, wurin ƙaninsa Salisu. Salisu manomi ne, ya taɓa yin watanni a hannun 'yan bindiga, ya dawo yana jan ƙafa guda, kuma tun daga lokacin ba ya iya jin kalmar ruga ransa bai ɓaci ba. Shi ba ɗan sa-kai ba ne, amma ba shi da abokan zama sai su. Zakari ya san da haka sarai, kuma wurinsa ya je.

Suka zauna a zaure. Salisu ya saurara har ƙarshe, bai ma tsaya yin fushin an ɓoye masa tafiya ba.

"Yaya, wa da wa sunka sani?"

"Ni, sai Zulai."

"Shi ke nan?"

"Sai Dogo."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce Dogo ya sayar da shi ba, bai ce infoma ne ba. Amma a ƙasar nan yau, in ka ambaci sunan Bafulatani ka haɗa da cewa shi kaɗai ya sani, ka gama yanke masa hukunci, sauran aikin na wasu ne. Zakari ba yaro ba ne, ya san nauyin abin da ya fita daga bakinsa, shi ya sa ya yi saurin bin sa da wata magana.

"Ni ban ce shi na ba hwa, Salisu. Kada a taɓa shi. A dai sa ido."

"Ni wa? Mi ni ka iyawa da ƙahwa guda?" in ji Salisu yana kallon ƙasa. "Kai dai koma gida. Ku kashe wayoyin ga duka, da taka da ta Hajiya, an ce da su suka gane inda mutum yake."

Maganar bijimai kuwa Zakari bai yi ta ba. Da damina Salisu ya nemi ya taimaka masa da taki, ya ce masa babu hali, to yanzu da wane ido zai ce yana sayar da bijimai biyu don guzuri? Ya ce a ransa gobe in Dogo ya iso kara, kasuwar shanu, sa yi magana ido da ido. Ya kashe waya tun a zauren, ya ji wani ɗan sauƙi, kamar ya sauke kaya.

Washegari da hantsi ya nufi shagon Patience don ta soke masa tafiyar, saboda shi ya iya shiga manhajar ne kawai, bai san ƙofar fita ba. Patience haifaffiyar Gusau ce, aikin masaƙa ne ya kawo ubanta daga kudancin Kaduna, ita kuma ta buɗe shagon buga takardu da yankan tikiti. Ya tarar da shagon cike. Akwai wani malamin makaranta, da matar wani fasto, da wani ɗan kasuwar waya, kowa riƙe da wayarsa, kowa fuska a murtuke.

"Baba Alhaji, kai ma?" in ji Patience tun bai zauna ba. "Kai ma sun kira ka?"

"Su wa?"

"'Yan damfara mana. Wace manhaja ka yi amfani da ita?"

Ya faɗa mata. Ta girgiza kai.

"Ita ce dai. Ɓarayin intanet sun fasa rumbun kamfanin, sun kwashe bayanan mutane kaf. Suna, lambar waya, ranar tafiya, otal, komai. Sayar da su suke yi ga duk mai so. Kamfanin ma ya turo saƙon ban haƙuri, da Turanci, can cikin imel inda ba mai dubawa. Wasu ana turo musu saƙo wai daga otal, a ce su sake saka lambar katin banki ko a soke ɗakinsu. Mu nan da suka ga adireshin Zamfara, sai suka ce bari su zama 'yan bindiga, sun san abin da muke tsoro."

Malamin makarantar ya yi dariyar takaici. "Ni ta Sakkwato jirgina zai tashi, amma wai a Tsafe za su jira ni. Ɗan banzan ko taswira bai duba ba."

Aka yi dariya, ban da Zakari.

"'Yata," ya ce, "kina nuhin ba wani na ya hwaɗa musu ba? Ba mutum na ba?"

"Wane mutum, Baba? Wa ka gaya wa sunan otal ɗinka?"

Ba kowa. Ko Zulai ba ta san sunan otal ɗin ba, shi kansa sai ya duba yake iya faɗinsa. Dogo Alhamis kawai ya sani. Dogo bai taɓa jin ana kiran Zulai da Zulaihatu ba, a fasfo kaɗai sunan yake. Duk wannan yana cikin kan Zakari tun jiya, bai tsaya ya duba ba, don tsoro ya riga ya nuna masa inda zai kalla.

Ya lalubo wayar ya kunna. Tana gama buɗewa saƙonni suka fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya, na kiran da aka yi masa tana kashe. Lamba guda ce, wadda bai sani ba, tun da sassafe take nemansa. Ya kira ta, ba a ɗauka ba. Ya kira Dogo, a kashe. Ya kira Salisu, ta yi ta ƙara har ta katse. Ya fita daga shagon ba sallama, Patience tana kiransa ya bar hularsa.

Ya biya ta kara, ko Allah zai sa. Dillalai suka ce ba su ga Dogo ba. Daga nan bai san yadda ya kai Bungudu ba. A gidan Salisu aka ce masa tun ɗazu wani ya zo da babur ya ɗauke shi, sun yi wajen wani ƙauye da ke kan hanyar ruga. Ya bi su.

Tun daga nesa ya hango bijimansa biyu ɗaure a gindin tsamiya, suna tuƙa abinsu. Mutane sun yi cirko-cirko, wasu matasa da bindigogin gida a kafaɗa. Ba hayaniya, kuma rashin hayaniyar ne ya fi tayar masa da hankali. Salisu ya taso yana jan ƙafa, ya tare shi kafin ya iso cikin taron.

"Yaya, ina ka shiga?"

"Ina Dogo?"

"Mi ya hana ka hwaɗa mini kai ka sa shi ya koro shanu?"

"Ina Dogo, Salisu?"

Salisu ya kawar da kai. Daga nan ya ba shi labari a gutsure, yana yi yana tsayawa. Jiya da yamma ya gaya wa abokansa 'yan sa-kai abin da ya faru, ya ce a sa ido, kamar yadda aka ce masa. Yau da asuba suka ga Dogo ya koro bijimai biyu masu shaidar gidan Alhaji Zakari a cinya. Mutumin da ake zargi da sayar da maigidansa, ga shi kuma da shanun maigidan a kan hanya, me ya rage? Suka tare shi. Ya ce Alhaji ne ya aike shi. Ya ba su lambar Alhajin da ka, ya ce a kira a tambaya. Suka kira, a kashe. Suka sake kira. Suka ce ƙarya yake yi, lambar banza ya ba su. Kafin a je a ɗauko Salisu, jama'a sun taru, kowa da wanda aka kashe masa ko aka ɗauke masa, kuma ba a rasa wanda ya fara ɗaga sanda ba.

"Da na iso yana da sauran numhwashi," in ji Salisu. "Cewa yake ta yi a ƙara gwada lambar, wataƙila kana masallaci."

Zakari ya durƙusa a wurin. Bai yi kuka ba, abin ya wuce nan. Da ya samu ya miƙe sai ya nufi taron, ya fara magana da ƙarfi, shi da ba a taɓa jin ɗaga muryarsa ba. Ya ce Dogo bai yi komai ba. Ya ce kamfani ne, a wata ƙasa, aka fasa masa rumbu. Ya ce ɓarayi ne na cikin waya, ba su ma san inda Tsafe take ba. Ya ɗaga wayar yana nuna musu ita. Suna ta kallonsa da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda firgita ta taɓa.

Wani dattijo ya dafa kafaɗarsa. "Alhaji, ka yi haƙuri. Mun san sabo da wuya. Amma waya ba ta da ƙahwa, ba ta zuwa daji. Mutum ka kai musu labari, kullum mutum na. Ka gode ma Allah da anka gane shi tun ba ka hau hanya ba. Ga shanunka nan, ko ƙwarzane babu."

Wasu ma har suna yi masa barka. Ya duba fuskokinsu ya ga ba mugunta a ciki, gajiya ce da tsoro irin nasa na jiya, kuma ya tabbata ko zai kwana yana bayani ba mai ɗauka. A wurinsu magana ta ƙare, an rage mugu ɗaya. Gobe in an sake kiran wani a waya, haka shi ma zai zauna ya lissafa bakuna.

Shi da Salisu suka ɗauki gawar a bayan a-kori-kura suka kai ruga. Ba wanda ya biyo su daga ƙauyen. Mazan rugar kaɗan ne suka rage, tsofaffi, su suka yi wanka da sutura, Zakari ya tsaya a sahun gaba aka yi salla. Salisu ya tsaya can baya, ana gama rufewa ya koma mota ya zauna. Tuni mata suka fara kwance bukkoki suna ɗaure ƙore, don kowa ya san ba a kwana biyu a wurin da aka kira mutum infoma. Inda za su kuwa, ba gari ba ne.

Aka ce masa matar Dogo tana son ganinsa. Sunanta Gambo, ya san ta tun tana amarya, ita ke aiko wa Zulai man shanu duk kaka. Ya je ya tsuguna a bakin bukka, ita tana daga ciki, lulluɓe, muryarta ta dushe. Ta sa aka kawo masa ruwa. Ya riƙe kwanon bai sha ba.

"Alhaji, mun gode. Duk cikin Haɓe kai kaɗai ka zo."

Ya sunkuyar da kai yana kallon kwanon.

"Jiya yana ta murna," ta ci gaba. "Ya ce abokinai za shi ɗakin Allah, zai roƙa muna. Ko ni bai hwaɗa mini rana ba, ya ce amana ta." Ta gyara lulluɓinta. "Sun ce wani na ya kai sunanai. Haka kawai ba su tare mutum, sai an ba su suna. Mu ba mu da kowa cikin gari, ba mai jin maganarmu. Kai ana jin taka."

"Inna Gambo..."

"Ba ramuwa ni ka so ba, Alhaji, Allah na nan. So nikai in san ko wane ne, don in hana ɗiyana gaishe shi. Ka bincika mini. Ka yi mini wannan don zumuncin da ke tsakaninku."

Ya ajiye kwanon a ƙasa. Ta jira. A bayansa ana ta kiran shanu, ana ɗora kaya a kan jakuna.

"To," in ji Zakari.

"Allah ya saka maka da alheri," ta ce. "Dama ya ce ba shi da kamarka."